Bashi da Ƙarya: Abin da Masu Farin Kaya Ke Tonowa Kafin a Ba Mutum Aikin Amana

Ranar Litinin 7 ga watan Agusta, 2023, Majalisar Dattijai a Abuja ta amince da mutum 45 daga cikin 48 waɗanda Shugaba Bola Tinubu ya aika mata da sunayensu don a naɗa su ministoci. Sauran ukun kuwa aka ce su dakata. Shugaban majalisar, Sanata Godswill Akpabio, ya ce ana jiran sakamakon binciken tsaro ne a kansu. Su ne Malam Nasiru El-Rufa'i na Jihar Kaduna, da Stella Okotete ta Jihar Delta, da Alhaji Sani Abubakar Danladi na Jihar Taraba. Aka rantsar da sauran, aka rarraba musu ma'aikatu, su ukun nan kuwa har aka gama rabon ba a sake kiran sunansu ba.

A Jalingo babu mai bukatar a gaya masa ko wane ne Sani Danladi. Shi ne mataimakin marigayi Gwamna Danbaba Suntai wanda majalisar jiha ta tsige a watan Oktoba na 2012, 'yan makonni kafin jirgin saman da gwamnan ke tuƙawa ya faɗi kusa da Yola. Kotun Ƙoli ta mai da shi kan kujerarsa a Nuwamban 2014, ya zama muƙaddashin gwamna. A cikin watan Maris na 2019 kuma, ana saura kwana uku zaɓe, Babbar Kotun Tarayya da ke Jalingo ta ce bai cancanci tsaya wa jam'iyyar APC takarar gwamna ba, saboda shekarar haihuwar da ya ba hukumar zaɓe ta sha bamban da wadda ke kan takardar jarrabawarsa. Shi dai bai yarda ba, ya ɗaukaka ƙara, maganar ta daɗe tana yawo tsakanin kotuna, magoya bayansa kuwa suna cewa daga baya kotu ta wanke shi.

Majalisar Dattijai ba ta karanta wa jama'a abin da ke cikin rahoton 2023 ba, saboda haka duk wanda ya ce tsohuwar shari'ar ce ta hana shi minista, ra'ayinsa ya faɗa. Abin da ya tabbata shi ne, tun daga ranar kalmar "binciken tsaro" ta shiga bakin kowa, daga majalisun shayi na Hammaruwa Way har rumfunan kasuwar Mile Six. To, wannan rariya ba manya kaɗai ake zubawa a cikinta ba. Ɗan mai goro na Shagamu, da ɗan mai shanu na Agege, da ɗan mai canji na Sabo a Badun, duk wanda ya nemi ɗan sanda ko soja ko kwastan, sai ya bi ta wata irinta. Abubuwa biyu kuwa su ne suka fi kama mutumin kirki wanda bai taɓa sata ba, bai taɓa kwana a caji ofis ba: bashin da ya kasa biya, da ƙaryar da ya rubuta a takarda.

Su wane ne masu binciken?

A zamanin Turawa da farkon mulkin kai, aikin na wani reshe ne na 'yan sanda, waɗanda mutane ke kira 'yan sandan ciki. Bayan kisan Janar Murtala Muhammed ranar 13 ga Fabrairu, 1976, gwamnatin Janar Obasanjo ta kafa hukumar NSO, Kanar Abdullahi Mohammed ya fara shugabantarta. A 1986 Janar Babangida ya rushe ta, ya raba aikinta gida uku: SSS don tsaron cikin gida, NIA don leƙen asirin ƙetare, DIA don harkar soja. Ita SSS, wadda yanzu aka fi sani da DSS ko hukumar farin kaya, ita ce ke bin diddigin waɗanda za a ba manyan muƙamai. Tana da ofishi a kowace jiha, har da Taraba, wadda aka cire daga tsohuwar Jihar Gongola ranar 27 ga Agusta, 1991.

Mai karatu zai iya tambaya, ina ruwan mai tsaron ƙasa da bashin mutum? Ai bashi hanji ne, yana cikin kowa. Haka ne, amma hanji a ciki yake zama, ran da ya fito waje kuwa magana ta zama ta likita. Mutumin da mai bin bashi ke yi wa sallama tun asuba, an kashe masa wa'adin Juma'a, matarsa ta daina fita unguwa saboda kunya, in ka ba shi mabuɗin ɗakin makamai ko hatimin ofis ko jerin sunayen waɗanda za a kama gobe, ka ɗora masa abin sayarwa a hannu. Masu neman asirin gwamnati ba sa wahalar da kansu wajen mai wadatar zuci. Wanda ruwa ya kai wa wuya suke nema, domin ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi.

Amurkawa sun koyi wannan karatu da tsada. Wani jami'in hukumar leƙen asirinsu ta CIA, Aldrich Ames, bashi ya dabaibaye shi lokacin da yake rabuwa da matarsa ta fari. A watan Afrilu na 1985 ya shiga ofishin jakadancin Tarayyar Sobiyet a Washinton ya sayar da asiri a kan dala 50,000. Da ya ɗanɗana bai tsaya ba. Ya tona sunayen mutanen Sobiyet da ke yi wa Amurka aiki a ɓoye, aka kashe aƙalla goma daga cikinsu. Ya sayi gida na dala 540,000 kuɗi hannu, alhali albashinsa bai kai ko kusa ba, amma sai a Fabrairun 1994 aka kama shi. A ƙasar, ƙa'idoji 13 ake bi wajen yanke hukunci ko za a bar mutum ya ga asirin gwamnati, kuma maganar kuɗi ita ce kan gaba a cikin dalilan da ke sa a hana mutane. Sai dai akwai abin lura a tsarin nasu. Wanda bashi ya kama saboda ciwo ko rashin aiki ko mutuwar aure, ya faɗa da bakinsa, ya nuna yana biya a hankali, yakan samu a yi masa uzuri. Wanda ya ɓoye, aka gano, laifinsa ya tashi daga babin kuɗi ya koma babin hali, kuma ƙarya a kan takardar tana iya kai mutum kurkuku har shekara biyar.

Albashin wata uku

Nijeriya ma tana da nata, kuma ya girmi na Ames nesa ba kusa ba, domin daga dokokin ma'aikata na Turawan mulki aka gado shi. Littafin dokokin aikin Gwamnatin Tarayya, bugun 2008, ya jera matsanancin bashi a cikin manyan laifuffukan da ake korar ma'aikaci a kansu, jere ɗaya da cin hanci da sauya takardu. Har ma ya auna shi. Idan bashin da ke kan ma'aikaci, wanda babu jingina a kansa, ya wuce albashinsa na wata uku, ya faɗa ciki. Haka nan idan kotu ta yanke masa hukuncin biyan bashi bai biya ba, ko ta ce ya tsiyace. Muddin yana cikin wannan hali ba a yi masa ƙarin girma, in kuma almubazzaranci ne ya jawo, ana iya sallamarsa, kuma shi ne zai kawo hujjar da za ta cece shi. Tsofaffin ma'aikata suna tuna yadda aka yi da kuɗin Udoji na 1974, aka sayi rediyo da babur aka ƙara aure, kafin shekara ta kewayo an koma cin bashi. Shekara guda bayan haka Murtala ya zo ya share ma'aikata sama da dubu goma, kowa ya shiga taitayinsa.

A yi lissafi da kuɗin yau. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a Yulin 2024 naira 70,000 ne. Wata uku ya kama naira 210,000. Ƙaramin ma'aikaci a Jalingo mai mata da 'ya'ya biyar, tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, yana da littafi wajen mai shago, yana da bashin ƙungiyar ma'aikata, yana zubin adashi, ya karɓi taki da alkawarin biya da kaka, ga mai gidan haya yana jira. In da za a bi dokar nan harafi da harafi, da ofisoshi da yawa sun zama kufai. Kuma a nan akwai rashin adalcin da ya kamata a faɗa. A 2015 sai da Gwamnatin Tarayya ta ba jihohi da yawa rancen ceto domin sun kasa biyan albashi wata da watanni. Gwamnatin da ta riƙe wa ma'aikaci haƙƙinsa, ita ce kuma mai dokar da ta ce bashi laifi ne. Shi ya sa shugabannin ofis masu hankali kan kau da kai. Amma dokar tana nan ba ta mutu ba, barci take yi, ran da wani ya so tashinta kuwa, takardar ƙorafi guda ta isa.

Manya ma tsarin mulkin 1999 bai ƙyale su ba. Wanda kotu ta ce ya tsiyace, ba a sauke masa wannan hukunci ba, ba zai tsaya takarar majalisa ko gwamna ko shugaban ƙasa ba. Tun da kuma sai wanda ya cancanci zama ɗan Majalisar Wakilai ake naɗawa minista, wanda ya cancanci majalisar jiha ake naɗawa kwamishina, sharaɗin ya bi su har can. Takardar bayyana dukiya da ake cikawa a ba Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata, mutane sun ɗauka gidaje da gonaki kawai ake rubutawa, alhali doka ta ce har da basussukan da ke kan mutum. An kuma hana gwamna da minista da kwamishina da babban sakatare karɓar rance sai daga gwamnati ko banki ko makamancinsu wanda doka ta sani. Hikimar a fili take. Kwamishinan ayyuka da ɗan kwangila ya ranta wa kuɗin biki, ba shi da bakin cewa kwalbatin ba ta yi kyau ba.

Ramin ƙarya

Duk da haka, in aka duba waɗanda suka faɗi daga manyan kujeru a ƙasar nan, takarda ta fi bashi kayar da mutane. Alhaji Salisu Buhari na Kano ya zama Kakakin Majalisar Wakilai a Yunin 1999. Kafin wata biyu mujallar TheNews ta fallasa cewa bai yi Jami'ar Toronto ba, kuma ya ƙara wa kansa shekaru don ya kai talatin ɗin da doka ta nema. Ya sauka yana hawaye, kotu ta ci shi tarar naira 2,000, daga baya Shugaba Obasanjo ya yi masa afuwa. Ministar kuɗi Kemi Adeosun ta ajiye aiki a Satumban 2018 saboda takardar yafe bautar ƙasa da ta gabatar ta zama ta jabu. Ta ce ba ta sani ba, wasu da ta amince da su ne suka karɓo mata, a 2021 kuma kotu ta ce tun farko ma ba ta bukatar takardar. Ka ga takardar da ba a bukata ita ta ci kujera. Babban Jojin Nijeriya Walter Onnoghen, kotun ɗa'ar ma'aikata ta same shi da laifi a Afrilun 2019 kan asusun banki da bai bayyana ba, sai a Nuwamban 2024 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta wanke shi, bayan kujerar ta riga ta tafi.

Ƙaryar talaka ba ta kai wannan girma ba, kuma sau da yawa ba shi ya ƙirƙire ta ba. Yaron da aka haifa a ƙauyen Karim Lamido ko Lau ko Gassol, ba a asibiti ba, babu mai takardar haihuwarsa. Uwarsa ta san shekarar ambaliya ce ko shekarar da sarki ya rasu. Hedimasta ya dubi tsawonsa ya rubuta abin da ya ga dama. Wajen jarrabawar sakandare wani malami ya rubuta wata shekarar. Da ya zo neman aiki aka ce ɗan sanda sai mai shekara 18 zuwa 25, shi kuwa ya ba 27 baya, sai wani ɗan'uwa mai son alheri ya raka shi kotu aka yi rantsuwa aka zaftare uku. Wani kuma tun ranar ɗauka yake hangen ranar ritaya, domin shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki ake sauka. Ga mutum ɗaya da ranar haihuwa uku, kowace da hatimin hukuma.

A da wannan yakan wuce lami lafiya, domin fayil ɗin Yola bai san na Ikko ba, gara da ruwan sama kuma suna taimakawa. Yanzu zamani ya sake. Lambar banki ta BVN ta fito a 2014, an ɗauki zanen yatsun kowa. Lambar ɗan ƙasa ta NIN, tun Disamban 2020 aka tilasta haɗa ta da layin waya, kuma ba a cika takardar neman ɗan sanda sai da ita. Ta fuskar bashi ma haka. Dokar 2017 ta ƙarfafa kamfanonin da ke tara labarin masu cin rance, banki na miƙa musu sunan wanda ya ƙi biya, wani banki ya duba ya gani. Daga Agustan 2020 Babban Banki ya ba bankuna izinin cire bashinsu daga duk wani asusun da mutum ke da shi a wani banki, muddin ya sa hannu a kan haka lokacin karɓar rancen. Tun a Agustan 2015 bankuna suka buga sunayen manyan masu taurin bashi a jaridu, kowa ya karanta. Cekin da ya dawo babu kuɗi kuwa, dokar 1977 ta yanke masa ɗaurin shekara biyu ba zaɓin tara. Wanda ya ci rance a Fatakwal ya tsere Jalingo yana ganin ya sha, yatsansa ya riga shi isa gida.

Mai tsaya wa yaro

Nan ne maganar ta fi shafar mazauna kudu. Yaro an haife shi a Idi-Araba ko Obalende, Yarbanci ya fi Fulatanci zama a bakinsa, amma ran da ya nemi aikin ɗamara za a ce ya koma jiharsa ta asali a tantance shi. Sai ya hau mota kwana da yini, ya ratsa Makurɗi da Wukari, ya nemi takardar shaidar ɗan ƙasa daga ɗaya cikin ƙananan hukumomi 16 na Taraba. A cikin sharuɗɗan da 'yan sanda kan buga akwai cewa kada mai nema ya kasance bashi ya yi masa katutu. Akwai kuma takardar masu tsaya masa, wadda ba kowa ke sa mata hannu ba, sai irin su sarakuna da alƙalai da shugaban ƙaramar hukuma da manyan ma'aikata da manyan hafsoshi.

To, hakimi ko dagaci a ƙasar Muri bai san yaron ba, ubansa ya sani. Abin da ya sani game da uban kuwa, labarin da fatake da direbobin tirela suka kawo ne. In uban mutum ne wanda aka ba shanu ya kai Ikko ya dawo da kuɗi cif, hannu ba ya rawa wajen sa hannu. In kuwa shi ne wanda ya karɓi buhunan masara na mutane shekara huɗu ke nan ana aike yana cewa kasuwa ta faɗi, sai a ce wa yaron ya dawo gobe, goben da ba ta zuwa. Wannan bincike ya girmi DSS. Kasuwancin goro da shanu tsakanin arewa da kurmi tun asali a kan amana ya tsaya, maigida a zango shi ke lamunin baƙonsa, wanda ya ci amana sau ɗaya kuwa labarinsa kan riga shi isa kowane zango. Jama'ar da ko gawa aka ajiye sai an yi shela ko akwai mai bin mamaci bashi, ba ta bukatar Bature ya koya mata nauyin abin.

Abin da ya fi wa yaro amfani kafin ya kama hanya shi ne ya baje takardunsa a tabarma, ta firamare da ta sakandare da ta haihuwa da NIN da BVN, ya ga ko suna ɗaya ne, shekara ɗaya ce. In Muhammadu ne a nan, Mamman a can, a gyara ta hanyar hukuma tun da sauran lokaci. In an tambaye shi bashi ya faɗa, ya nuna rasit na abin da ya biya. Waɗannan ƙananan rance na wayar hannu ma ba abin rainawa ba ne, domin masu su sun saba aika wa duk mutanen da ke cikin wayar mutum saƙon tozarci, har sai da hukumar kare masu sayayya ta Tarayya ta sa musu ƙa'ida a 2022. Mai tsaya wa yaro yana iya kasancewa cikin waɗanda saƙon ya isa gare su. Shi ma dattijon da ake kawo wa takarda ya sani, abin da ya sa wa hannu shaida ce, in ta zama ƙarya ana iya nemansa.

Sai dai rariyar gwamnati tana da nata ramukan. Uche Nnaji yana cikin mutum 45 da suka tsallake a 2023, ya zama ministan kimiyya, amma a Oktoban 2025 ya ajiye aiki bayan jarida ta zarge shi da gabatar da takardar digiri ta jabu, zargin da ya musanta. Kemi Adeosun ma ta bi ta hannun masu bincike da majalisa a 2015 ba wanda ya ce uffan. Watau 'yan jarida ne suka ga abin da masu farin kaya ba su gani ba, ko suka gani suka yi shiru. A ɗaya gefen kuma, Majalisar Dattijai ta ƙi Ibrahim Magu a shugabancin EFCC har sau biyu, a Disamban 2016 da Maris na 2017, bisa rahoton DSS wanda ya yi zargin cewa wani ɗan kasuwa, tsohon hafsan sojan sama, shi ya biya masa hayar gida. Magu ya musanta, Shugaba Buhari ya bar shi yana riƙo har Yulin 2020. Hukuma ɗaya ta shugaban ƙasa ta ce a'a, shugaban ƙasar ya ce i. El-Rufa'i kuwa ya fito a talabijin a 2025 ya ce ba majalisa ce ta ƙi shi ba, shugaban ƙasa ne ya sake shawara.

A Amurka wanda za a hana yakan samu takarda mai ɗauke da dalilai, ya ba da amsa, ma'aikacin kamfanin da ke yi wa soja aiki har gaban alƙali yana iya zuwa ya kawo rasit da shaidu. A nan kuwa babban mutum yana da lauyoyi da 'yan jarida da za su yi masa kururuwa. Yaron da ya taso daga Agege ya kwana a tashar mota a Jalingo, in aka liƙa sunaye a allo bai ga nasa ba, babu mai gaya masa ko shekarunsa ne, ko tsawonsa ne, ko wata takardar ƙorafi ce da wani ya rubuta a kan bashin ubansa. Sai ya nemi kuɗin motar komawa, sau da yawa shi ma rance.